Lawwali mugu ne ko mai ciwo? Ku taya ni duba yarintarsa

Uwar_Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da matsala da tauraron labarin da nake saka muku duk daren Juma'a, na ga gara in kawo ta nan tun masu karatu ba su cinye ni ɗanya ba. Ga waɗanda ba su bi ba: sunansa Lawwali, ɗan fari ne, a Gusau aka haife shi. Mahaifiyarsa tana kunyarsa irin ta mutanen da, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban kowa. Da ya shekara 2 aka kai shi yaye Kauran Namoda wurin kakarsa ta wajen uwa, Inna Tumba, mai sayar da hoce a bakin tashar jirgin ƙasa. Yayen wata guda ya koma zaman shekara 5. Yana da shekara 7 tsohuwar ta rasu da hantsi yana makarantar allo, kafin ya dawo an kai ta makwancinta. Ba wanda ya gaya masa. Aka ce ta yi tafiya, aka sa shi a jirgi zuwa Gusau, ya tarar da ƙanne uku da kishiyar uwa. Yanzu shekararsa 42, babban ɗan kasuwar hatsi ne, hannunsa a buɗe ga mutanen waje. Amma ya saki mata uku, kuma kowacce sai ta haihu ta fara sakin jiki da shi sannan yake tono rigima. A ƙasan akwatinsa akwai wani tsohon kallabi da ba ya yarda kowa ya taɓa. Masu karatu sun ce mugu ne kawai, in kashe shi a hatsarin mota kowa ya huta. Ni raina bai ba ni mugunta ba ce. Shin abin da ya same shi yana yaro ya isa ya mayar da mutum haka, ko na cika gishiri?

Sarkin_Musu: Wa alaikumus salam. Goyon kaka ne, shi ke nan. An sangarta shi a Kaura, ya saba komai nasa ne, ya girma ba ya iya haƙuri da mace. Mu nawa aka kai yaye? Ni kaina a Bunguɗu aka yaye ni, ga ni da matata shekara 16 ko yaji ba ta taɓa yi ba.

Yar_Yauri: Anti don Allah kar ki kashe shi, ni tausayi yake ba ni. Wurin da yake zuwa tashar jirgi ta Gusau yana leƙa fuskokin tsofaffi masu saukowa, wallahi sai da na ajiye waya.

Mai_Alli: Anti Uwar Ihsan, ba ki cika gishiri ba. Ni ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga ɗalibai masu shirin zama malamai, kuma abin da kika rubuta ya yi daidai da wata hanyar nazari da wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya kafa, Sigmund Firoid. An haife shi a 1856, ya mutu a Landan a 1939. Gundarin maganarsa shi ne, abin da ya fi ƙarfin yaro zuciya takan danne shi ta tura ƙasa, kamar yadda ake tura kayan wanki ƙarƙashin gado in an ji sallamar baƙi. Ɗakin ya yi tsaf, amma kayan suna nan, kuma wata rana wari zai tona.

A 1920 ya ba da labarin jikansa ɗan wata 18. In uwar ta fita yaron ba ya kuka. Sai ya ɗauki kwarkwaron katako mai zare a jiki ya jefa inda ba ya ganinsa, ya yi wata 'yar ƙara mai nufin ya tafi, sannan ya jawo zaren da murna ya ce ga shi. Firoid ya fassara wasan da cewa yaron yana maimaita tafiyar uwarsa ne, sai dai a wasan shi ne mai korar, ba shi ne wanda aka tafi aka bari ba. To ki dubi Lawwalinki. Sau biyu aka raba shi da macen da ya dogara da ita ba a tambaye shi ba. Yau duk wadda ta fara shiga ransa sai ya riga ta. Yana saki ne tun kafin a sake shi, kuma in kika tambaye shi dalili zai rantse miki cewa miyar ce ba ta yi daɗi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba a saninsa.

Sarkin_Musu: Malam Mai Alli, da girmanka. Wato Bature ya ga jikansa na wasa da zare, shi ke nan an gano sirrin ɗan Adam? Ɗana ma kullum sai ya jefa cokali daga kan cinyata.

Mai_Alli: Hahaha. Sarkin Musu ba ka yi ƙarya ba, kuma masana da yawa sun yi masa irin wannan sukar, cewa yakan gina gida babba a kan mutum ɗaya ko biyu, ga shi maganganunsa ba su gwaduwa kamar yadda ake gwada magani. Shi ya sa a yau ya fi daraja wurin masu nazarin adabi fiye da ɗakin likita. Mu kuma nan adabi muke yi.

Hajiya_Mafara: Ku dakata ɗiyana. Ni ban yi boko mai zurhi ba, amma na ga kamar za ku ɗora laihi ga kunyar ɗan hwari, kuma nan na ban yarda ba. Ni na yi kunyar nawa. Har yau ban hwaɗi sunanai ba, shina da jikoki. Amma wa ka tashi tsakad dare in ya yi zazzaɓi? Wa ka ɓoye mai ƙashin miya ƙasan tukunya? Ɗiyan da munka yi ma kunya sun san ana son su, don sun ga haka aka yi ma kowane ɗan hwari cikin gari. Yaro ba wawa na ba. In ya ga uwar abokinai ma ba ta kiran sunan abokin, ba ya ɗauka an tsane shi.

Nas_Argungu: Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki tana da tushe. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma abin da muka fi karantawa ba Firoid ba ne, wani likitan Ingila ne Jon Bolbi, mai nazarin shaƙuwar yaro da mai rainonsa. A 1944 ya duba yara 44 da aka kawo asibitinsu saboda sata. Ya ware 14 da ya ce ba su iya ƙulla ƙauna da kowa, ya samu 12 daga cikinsu an raba su da iyayensu mata na dogon lokaci tun ba su kai shekara 5 ba. Daga baya an soki binciken, an ce yaran sun yi kaɗan kuma shi da kansa ya yi tantancewar. Amma abokiyar aikinsa Meri Enswot ta zo nan Afirka, ta zauna a Yuganda a 1954 zuwa 1955 tana shiga gidaje kusa da Kampala tana kallon uwaye da jarirai. Abin da ya fito daga aikinsu shi ne yaro yana buƙatar wani tsayayye da zai ruga wurinsa in ya tsorata. Ba dole sai wadda ta haife shi ba.

To a labarin Anti, Lawwali ya samu wannan. Inna Tumba ce uwarsa ta zahiri. Don haka ni ban ga ciwon a yaye ba, ban gan shi a kunya ba. Ciwon yana shekara 7 ne, kuma ba mutuwar ba ce kanta, ƙaryar ce. Yaron da aka ce wa ta rasu zai yi kuka, a rarrashe shi, a kai shi ya ga ana sadakar uku, zuciyarsa ta san an rufe ƙofa. Wanda aka ce wa ta yi tafiya kuwa jira zai yi. In ya gaji da jira sai ya yanke wa kansa hukunci: ta tafi ne don ba ta so na, ko na yi mata laifi.

Dan_Kaura77: Nas kin taɓo ni. Ban so in yi magana ba. Mahaifina ya rasu ina aji biyu na firamare, aka ce mini ya tafi Makka. Lokacin in alhazai sun dawo sai in bi yara gidajensu, su suna neman dabino da bagaruwa ni ina duba ko yana cikinsu. Shekara biyu ina haka. Wani yaro ne a wurin ƙwallo ya ce mini ubanka ai ya mutu, don na ture shi. Ban yi kuka ba ranar. Sai da na haifi ɗana na fari, ina riƙe da shi ranar suna, kuka ya zo mini kamar an ɓalle famfo, mutane suka ɗauka murna ce. Ban saki mace ba, alhamdu lillahi, amma har gobe in matata ta ce za ta je gidansu kwana biyu, sai in ji raina ya ɓaci ba dalili.

Yar_Yauri: Allah sarki Yaya. Allah ya jiƙan Baba.

Uwar_Ihsan: Amin. Yaya Ɗan Kaura na gode da ka buɗe mana cikinka, ban ɗauka labarin zai zo kusa da wani haka ba.

Almajirin_Gwandu: Allah ya gafarta wa magabatanmu. Ina da gyara kaɗan, ba don in hana nazari ba. Na ji ana ta Firoid, alhali maganar rai da yaƙin da ke cikinsa muna da ita tun kafin a haifi kakansa. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf aya ta 53, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama aya ta 2, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri aya ta 27. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan tarbiyyar yaro, yana cewa zuciyarsa amana ce kuma tana karɓar duk abin da aka zana mata. Kafin shi ma akwai Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Kuma game da nuna wa yara ƙauna, kun san hadisin Aƙra'u ɗan Habis da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Hajiya ki yi mini afuwa, amma kunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ba.

Hajiya_Mafara: Awo Malam, ban ce addini ta ba. Cewa niy yi ba ƙiyayya ta ba.

Mai_Alli: Malam na Gwandu, ɗalibaina ma kullum sai sun kawo wannan kwatancen, domin a 1923 Firoid ya kasa zuciya kashi uku: mai son abin da take so yanzu-yanzu, da mai tsawatarwa wadda ta haɗiye muryar iyaye da al'umma, da ta tsakiya mai sasanta su da duniyar zahiri. Akwai kama, amma kar mu ce abu ɗaya ne. A wurin malamanmu matakai ne da bawa ke hawa har ya kai ga natsuwa. A wurinsa kuwa ukun suna zaune gida ɗaya kamar kishiyoyi har mutuwa, ba wadda za ta fita. Kuma shi bai yarda da addini ba sam, wannan a bayyane yake.

Bakabe: Tunda an zo nan bari in yi tambayar da kowa ke kauce wa. Ba shi ne mutumin da ya ce wai yaro namiji yana kishin ubansa a kan uwarsa ba? A'uzu billahi. Da wannan za a auna Lawwali?

Sarkin_Musu: To ai Inna Tumba "mijina" take ce masa a babi na biyu, har tana cewa ya kawo kuɗin cefane. Da Baturen nan ya zo ƙasar Hausa ya ji kaka na kiran jika angonta, da sai an yayyafa masa ruwa.

Yar_Yauri: Wayyo cikina, Sarkin Musu Allah ya shirye ka.

Mai_Alli: Shi ne, Bakabe, kuma sunan abin ya ɗauko shi daga wani tsohon labarin Girkawa. Tun yana raye aka ƙalubalance shi. Wani masanin al'adu, Malinoski, ya zauna a tsibiran Turobiriyan da ke gabashin Niyu Gini lokacin yaƙin duniya na farko, inda dangantaka ke bin uwa kuma kawu ne mai iko a kan yaro, uba kuwa abokin wasa ne. Ya ce a can ƙullin da yaro ke yi yana kan kawun ne, ba uban ba. Wato abin ya fi kama da rigima da mai iko, kuma kowace al'umma da inda ta ajiye ikon. Ni ban ga amfanin wannan ɓangaren ga Lawwali ba. Uban ma da ƙyar ya fito a labarin.

Wanda ya fi dacewa shi ne Alfred Adla, abokin aikin Firoid da suka raba gari a 1911. Shi ya ce ɗan fari kamar sarki ne da aka tuɓe ranar da aka haifi ƙane. Lawwali a Kaura shi kaɗai ne, hocen farko nasa ne. Ya sauka Gusau ya tarar ƙanne uku sun san inda komai yake, shi ko makewayi bai sani ba. Babba ne a suna, baƙo ne a gida. Kyautar da yake yi a kasuwa ina ganin daga nan ta fito: yana sayen mazaunin da bai samu kyauta ba.

Alkalami_Jega: Ni marubuci ne kuma zan ɓata muku biki. Lawwali ba mutum ba ne. Ba shi da wata yarinta sai wadda Uwar Ihsan ta rubuta. Kuna ta tono abin da ke ƙasan zuciyarsa kamar yana kwance a gadon asibiti, alhali ƙasan zuciyarsa farar takarda ce. In akwai wanda za a yi wa wannan nazari, marubuciyar ce, ko mu masu karatu da muke kuka a tashar jirgi. Tsorona ɗaya: kar ki ɗauki bayanan nan ki zuba su a bakin wani likita a babi na ƙarshe ya zauna yana fassara mana Lawwali. Na ga labarai da yawa sun mutu a haka.

Uwar_Ihsan: Malam Alƙalami kamar ka leƙa littafin da nake tsara babi. Wallahi akwai likitar da na shirya za ta fito a babi na 30.

Alkalami_Jega: Ki ba ta taransifa tun yau.

Nas_Argungu: Ban yarda da kai duka ba Malam. Gaskiya ne ba shi da jini, amma mai karatu yana auna shi da mutanen da ya sani. In yarintar ba ta haifi girman ba, za mu ji a jikinmu cewa an yi mana dabara. Nazarin amfaninsa ga marubuciya ne a bayan fage, kamar yadda tela ke auna mutum amma ba ya ɗinka tef ɗin a jikin riga.

Zawarciya_Ba_Laifi: Na yi shiru ina karantawa, amma abin ya ishe ni. Kowa Lawwali, Lawwali, yaro ɗan shekara 7 a tasha. Matan uku fa? Su ba su da yarinta? Ta biyun, Saratu, da jego ya sake ta, kwana 25 da haihuwa. Ni an yi mini irin wannan, da jaririya a hannu na koma gidanmu, kuma shi ma nasa uzurin maraici ne, kowa sai ya ce a yi masa haƙuri bai tashi da uwa ba. To 'yata fa da ta tashi ba uba, wa zai rubuta mata littafi? Mutum ya kai shekara 42, yana iya lissafin buhu dubu bai ɓata ba, amma a ce bai san yana cutar da mutane ba? Ku fahimce shi in kuna so, amma kar a wanke shi.

Almajirin_Gwandu: 'Yar'uwa gaskiyarki. Sanin dalili ba ya ɗauke alhaki. Baligi mai hankali abin tambaya ne a kan aikinsa.

Mai_Alli: Ban musa ba ko kaɗan, Allah ya saka miki. Kuma kin jawo hankalina ga abin da na tsallake: me ya sa sai sun haihu? Ina da karatu biyu. Na farko, in ya ga matarsa ta rungume jariri tana kiran sunansa tana yi masa tawai, yana ganin abin da shi bai samu ba daga tasa uwar, sai kishin ɗan cikinsa ya kama shi, abin da ba zai taɓa iya faɗa ko wa kansa ba. Na biyu, ranar da ta haihu ta tashi daga amarya ta koma uwa, kuma uwa a wurinsa ita ce mai kawar da kai. Sai ya fara ganin kawar da kai a inda babu, alhali baiwar Allah barci ne bai ishe ta ba. Ana, 'yar Firoid, ta tsara irin waɗannan dabarun kare kai a 1936, ciki har da jingina wa wani abin da ke cikin ranka.

Dan_Kaura77: Na biyun ya fi kama da gaskiya. Na farkon ya yi muni da yawa.

Zawarciya_Ba_Laifi: Na farkon ne gaskiya, don muninsa. Na gani da idona, mutum yana fushi an ba jaririya nono kafin a kawo masa abinci.

Bakabe: Ni tambayata daban. A wace shekara aka sa shi a jirgin? In shekararsa 42 yanzu, to lokacin yana da 7 jirgin fasinja na zuwa Kaura kuwa?

Dan_Kaura77: Labarin ba a bana yake ba, ka duba babi na ɗaya, tun zamanin masaƙar Gusau na aiki ne. Kuma Kaura ai nan layin dogo ya ƙare, jirgi in ya zo sai dai ya juya. Mu da muka tashi a nan mun san yadda tasha take cika da masu talla.

Hajiya_Mafara: Hocen yanzu ma ba hoce na ba. Na da, na dawa, in anka gasa shi ga tanda, kwana ukku shina nan bai lalace ba, matahiya shi suka riƙo.

Yar_Yauri: Mu a Yauri ban taɓa ci ba, Hajiya a aiko mana.

Mai_Kula_Da_Zaure: Jama'a a dawo kan Lawwali, maganar hoce a kai ta zauren girki.

Alkalami_Jega: A'a shugaba, bar su, hocen yana cikin magana. Uwar Ihsan, kin lura a babi 19 da kika saka Lawwali bai ci hoce ko sau ɗaya ba? Ban sani ba ko da gangan ne. In ba da gangan ba ne, to ki mayar da shi da gangan. A kawo masa a kasuwa ya ce ba ya ci, yaransa su ɗauka girman kai ne. Wannan ya fi likitarki aiki sau goma. Haka kallabin. Kar ki gaya mana na wace ce, mun sani.

Nas_Argungu: Kallabin ma akwai wanda ya yi nazarinsa, wani likitan yara na Ingila, Winikot, a 1953. Ya yi magana a kan tsumma ko bargon da yaro ke maƙalewa, ba ya barci sai da shi, in an wanke ma rigima, don ƙamshin mai rainonsa yake nema. Yawanci yaro na girma ya manta da shi da kansa. Na Lawwali bai samu wannan damar ba. Muna ganin haka a yaran da rikicin daji ya koro daga ƙauyuka, yaro ya riƙe ɗan zane ko takalmi ƙafa ɗaya, in kika karɓe kamar kin cire masa rai. Mun koyi mu bar musu.

Sarkin_Musu: To na ji duka. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: ƙaninsa Sani gida ɗaya suka tashi, kishiyar uwa ɗaya ta gallaza musu, ga shi mutumin kirki. Kuma ga Ɗan Kaura nan an yi masa irin ƙaryar bai saki kowa ba. Ashe hali zanen dutse ne, kowa da wanda aka halicce shi da shi.

Mai_Alli: Sani bai je Kaura ba, bai rasa Inna Tumba ba, gidansu ɗaya amma yarintarsu biyu. Sai dai rabin maganarka gaskiya ce, yara suna zuwa duniya da bambancin ɗabi'a, wani tun a zanen goyo mai haƙuri ne wani mai tsanani. Abin da ya karya wannan, wancan lanƙwasa shi kawai zai yi. Kuma Ɗan Kaura bai gaya mana wa ya riƙe shi bayan rasuwar ba.

Dan_Kaura77: Kawuna. Duk inda za shi ina bayan kekensa. Allah ya jiƙansa shi ma.

Uwar_Ihsan: Na karanta komai sau biyu. Likita ta tafi, Malam Alƙalami ka ci nasara. Hatsarin mota ma babu. Abin da nake tunani yanzu, a cikin gidan nan akwai wadda ta san wa ya ce a gaya masa ta yi tafiya, kuma mahaifiyarsa ce, tana raye, ta tsufa. Ita ma uwarta ce ta rasu ranar, kuma kunya ta hana ta rungume shi su yi kukan tare. Ina so in haɗa su a ɗaki ɗaya. Abin da ban yanke ba shi ne ko za ta kira sunansa. 'Yar'uwa Zawarciya, Saratu za ta samu babinta ita kaɗai, da bakinta, kuma ba za ta koma ba.

Hajiya_Mafara: Kar ki sa ta hwaɗi sunan, ɗiyata. Ba mu yi. In kin sa, ƙarya ta. Ki sa ta miƙa mai abinci da hannunta ta zauna har ya ƙare, mu haka muka magana.

Yar_Yauri: Ni kuma ina so ta faɗa, ko sau ɗaya, ko a hankali ne yana barci.

Alkalami_Jega: In ta faɗa ya warke a take, na daina karantawa. Shekara 35 ba ta narkewa a zama ɗaya.

Zawarciya_Ba_Laifi: Ya warke ko kar ya warke, a sa ya biya kuɗin makarantar yaran.

Sarkin_Musu: Ni dai har yanzu goyon kaka ne. Anti wannan Juma'ar da ƙarfe nawa za ki saka?

Uwar_Ihsan: Bayan isha'i in an kawo wuta, wayata saura kashi 9.